Zauren Masu Karatu: Sabon zubin anime ya iso, wanne zan bi?

Wasiƙun da suka iso mini a wannan wata kusan duk a kan abu guda suka haɗu, wato sababbin anime, katun ɗin Japan, da suka fara fitowa a Afrilu. Na ɗauki huɗu daga ciki. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin ita ce tambayar da ni ma nake yi wa kaina sau huɗu a kowace shekara.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina aji biyu, ina zaune gidan yayana a Runjin Sambo. Na duba jerin sababbin anime na wanga zubi, sun fi arba'in. A guruf ɗinmu kowa da wanda yake kururutawa. Bara tara na kama lokaci guda, ko ɗaya ban kai ƙarshensa ba, data ta ƙare, jarrabawa ta taho. Mi zan yi wanga karo?

AMSA: Ƙanena, barka kadai. Bari in fara da bayani saboda iyayenmu da ke karanta wannan shafi. Gidajen talabijin na Japan sun raba shekara gida huɗu, sababbin shirye-shirye kan fara a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Ni nakan ƙirga su da lokutanmu: zubin hunturu, zubin bazara, zubin damina, zubin kaka. Yawancin shiri kan yi kashi 12 ko 13, kashi ɗaya duk mako, kowanne kimanin minti 24. Idan wata uku suka cika sai a share fage, wasu su shigo.

Lissafi nake koyarwa a sakandare, don haka ka yi haƙuri mu ɗan buga. Kashi 12 sau minti 24 ya ba ka minti 288, awa biyar ba kaɗan. Tara da ka kama bara sun haura awa 43. Wannan ya kai aikin mako guda na ma'aikacin gwamnati, kai kuma ga lacca, ga tafiyar nan mai nisa har mazaunin jami'a na dindindin ta gadar Kwalkwalawa, ga aiken matar yaya. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle tara. Ni uku nake bi, ban wuce su. Uku na nufin minti 72 a mako, abin da ɗalibi zai iya fitarwa ba tare da ya ci bashin karatunsa ko barcinsa ba.

To yaya ake fitar da uku daga cikin arba'in?

Daren da jerin ya cika, bayan isha, nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, don a zafin Afrilu na Sakkwato ɗaki ba ya zaunuwa, in buɗe MyAnimeList ko AniList, shafukan intanet da ke jero anime, in soma tankaɗe. Abin da ya fara faɗuwa shi ne duk wani zango na biyu ko na uku na labarin da ban ga farkonsa ba. Da wannan kaɗai jerin ya rage sosai. Sai in bi ta kan waɗanda ake kira isekai, wato labarin mutumin da ya mutu ko aka ɗauke shi ya farka a wata duniya da ƙarfin da ya fi na kowa. Kowane zubi sai an kawo su da yawa, sunayensu dogaye kamar jimla, kuma akasarinsu tuwo ɗaya ne aka sauya wa miya. Akwai masu kyau a cikinsu, amma mai kyau ba ya ɓuya, bayan wata guda labarinsa zai same ka inda kake.

Abin da ya rage, nan aikin yake. Wanda ya taɓa raka mahaifinsa Kasuwar Kara sayen ragon layya ya san dattijo ba ya tsayawa kallon ƙaho. Hannu yake sa wa ya laluba gadon baya, ya ɗaga leɓe ya duba haƙori. Tallar da ake saki kafin shiri ya fara, ƙaho ce. An tsinto daƙiƙoƙin da suka fi kyau, an ɗora musu kiɗa mai tada tsikar jiki. Gadon bayan yana ƙasan shafi, inda ake rubuta kamfanin da ya zana, da darakta, da inda aka samo labarin.

Ga misalin da ya sa na daina bin suna kawai. One-Punch Man zangon farko ya fito a 2015 daga kamfanin Madhouse, Shingo Natsume ne darakta, kuma duk wanda ya gani ya san hannun gwanaye ya ratsa shi. Zango na biyu a 2019 ya koma hannun wani kamfani da wani darakta. Suna bai sauya ba, jarumi bai sauya ba, amma motsin ya yi nauyi, faɗan ya rasa wannan santsi. Riga ɗaya ce, maɗinki ne daban. Ta ɗaya gefen kuma, lokacin da aka sanar da Frieren a zubin kaka na 2023, ban san komai game da labarin ba. Abin da na gani shi ne Madhouse, da sunan Keiichiro Saito, wanda ya ja ragamar Bocchi the Rock a 2022. Saboda sunan nan na ba shi kujera a cikin ukun da nake bi, alhali a wannan zubi ana tsakiyar zango na biyu na Jujutsu Kaisen, kuma kowa na jiran kashin ƙarshe na Attack on Titan wanda ya fito a Nuwamba. Hayaniya duk tana can.

Zan ɗan tsaya a kan Frieren, don shi ya gyara mini yadda nake zaɓe. Labarin ya soma ne daga inda sauran labarai ke ƙarewa: an ci yaƙi, an dawo gida. Jarumar irin halittar nan ce mai rayuwar sama da shekara dubu, tafiyar shekara goma da ta yi da abokanta a wurinta kamar kwana biyu ce. Sai bayan shekara hamsin, a bakin kabarin ɗayansu, ta gane ba ta taɓa zama ta san shi ba. Na kalli wannan wata biyu bayan rasuwar kakata, wadda ta raine ni a Mabera, wadda nake wucewa ta ƙofar ɗakinta kullum in ce "Inna, sai na dawo" ba tare da na zauna ba. Na kashe wayar na daɗe zaune. Zangonsa na farko kashi 28 ya yi, ban tsallake ko ɗaya ba. Da na bi kururuwar guruf a wannan lokaci, da ban same shi ba sai daga baya, ko ma ban same shi a lokacin da nake buƙatarsa ba.

Saboda haka kujeruna uku haka nake raba su. Ɗaya ta ci gaban labarin da na riga na ƙulla zumunci da shi. Ɗaya ta wanda na yarda da hannun masu yinsa. Ta ukun kuma ta baƙo ce, shirin da ba wanda ke maganarsa, sau da yawa wanda ba a ɗauko daga manga ba, wato littattafan labarin zane na Japan, aka rubuta shi kai tsaye don talabijin. Irin wannan yana da daɗi na musamman, domin babu wani a duniya da ya san ƙarshensa balle ya fasa maka ƙwai.

Masu kallo suna da ƙa'idar kashi uku: ka ba shiri mako uku kafin ka yanke masa hukunci. Akan kafa hujja da Madoka Magica na 2011, wanda kashi biyu na farko suka yi kama da wasan 'yan mata, a na uku labarin ya juye ya nuna ainihin fuskarsa. Na yarda da ƙa'idar, amma da gyara. Shirin da ya buɗe da batsa ko wulaƙanta mace don a yi dariya, kashi ɗaya ya ishe ni, juma'ar da za ta yi kyau tun daga laraba ake gane ta. Haƙurin mako uku na mai tafiyar hawainiya ne, wanda ke gina mutanensa a hankali. Kuma ka sa ido a kashi na biyu da na uku fiye da na farko, don na farko an zuba masa duk ƙarfin kamfani. Kada ka auna da faɗa. Duba yadda mutum ke tashi daga zaune, yadda ake zuba shayi, yadda yatsu ke riƙe cokali. Idan ka ga baki kaɗai ke motsi, hoto a tsaye ana jan kyamara a kansa, to lokaci ya ƙure wa masu zanen, kuma abin da wuya ya gyaru a gaba. Waɗannan bayin Allah suna aiki cikin matsi mai tsanani, shi ya sa wani lokaci za ka ga an ɗage kashi, ko an cike mako da maimaicin abin da ya wuce.

Gwajina na ƙarshe ba ya buƙatar data. Washegari da safe, a bayan kabu-kabu zuwa makaranta, ina tuna wani daga cikin mutanen labarin? Ina tambayar kaina me zai yi mako mai zuwa? Idan har ko sunan mutum ɗaya ban riƙe ba, na sauke shirin, kujerar ta koma ga wani. Babu wanda ka yi wa alkawarin kai wa ƙarshe.

Makin da ake bayarwa a shafukan nan, kada ka dube shi a makon farko. Waɗanda suka karanta mangar ne ke rige-rigen ba da goma tun kafin a je ko'ina. Bari a yi wata guda, ƙura ta lafa.

Sai maganar guruf. Japan ta riga mu da awa takwas. Shirin da aka haska ƙarfe 11 na dare a Tokiyo, a nan ƙarfe 3 na rana ne, kafin magariba an fassara shi, kafin isha abokanka sun baza hotunansa. Kai kuma kana jiran garaɓasar datar dare. Ka rufe sanarwar guruf ɗin a ranakun shirye-shiryenka uku. A waya kuma ingancin hoto na 480 ya isa, idonka ba zai ga bambancin da ya kai kuɗin ba a ɗan gilashin nan. Ka sauke da dare lokacin da iska ta ɗan yi sanyi, don wayar da ke caji tana saukewa cikin zafin rana na wannan wata batirinta ba ya daɗewa. Idan jarrabawa ta matso, ka ajiye ukun gaba ɗaya, suna nan suna jiranka. Ni ma shekarun da azumi ya shigo cikin zubin bazara, kamar 2023, ban taɓa komai ba sai bayan salla, kuma ban rasa komai ba.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce, ina Arkilla. Ɗana mai shekara 11 kullum yana kan wayar yayansa yana kallon katun ɗin nan. Na ɗauka irin na yara ne, sai ran nan na leƙa na ga an sare kan mutum, jini ko'ina. Da na yi magana ya ce ai sabo ne, kowa a ajinsu na kallo. In hana gaba ɗaya, ko akwai na kirki?

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri da kika leƙa. Abin da idonki ya gani gaskiya ne, kuma damuwarki tana kan hanya. A Japan zane hanya ce ta ba da kowane irin labari, na yara da na manya, har da wanda babba ma bai kamata ya kalla ba. Da yawa daga cikin sababbin shirye-shiryen nan da tsakar dare ake haska su a can, lokacin da yaransu suka yi barci. Mu a nan waya ta kawo su hannun ɗan firamare da rana tsaka.

Za ki ji yara na cewa wannan shonen ne, wai na samari ne, don haka ba komai. Kalmomin nan huɗu, shonen da shojo da seinen da josei, suna nuna waɗanda mujallar da ta buga labarin ke nema ne: samari, 'yan mata, manyan maza, manyan mata. Ba shaidar tsafta ba ce. Demon Slayer da Chainsaw Man duk a mujallar Weekly Shonen Jump suka fara fitowa, na farkon kuwa a kashinsa na ɗaya aka hallaka iyalin jarumin, na biyun ko kusa ba na yaro ba ne. Kyan zanen fuska ma ba abin dogaro ba ne. Made in Abyss na 2017 yaransa masu kumatu ne kamar 'yar tsana, amma akwai wuraren da ni da furfurata ta fara fitowa sai da na kau da kai.

Abin da zai taimake ki kaɗan ne, kuma ba ya buƙatar dogon Turanci. Ki sa yayansa ya rubuta sunan shirin a MyAnimeList a gabanki. Akwai layin da ke nuna shekarun da suka dace. Idan kika ga R-17+ ko R+, a ajiye. Idan a cikin rukunin labarin kika ga ecchi ko harem, wannan tsiraici ne da wasan banza, a ajiye ko da an ce dariya ce kawai.

Ban goyi bayan hanawa gaba ɗaya ba, Hajiya, domin na ga inda take kaiwa. Ɗalibaina da aka hana a gida, a shagon masu turi suke karɓa a memori, su kalla a ɓoye, kuma a ɓoye babu mai tace musu. A gidana 'yan mata biyu gare ni, babbar shekararta 12. Duk sabon shirin da suke so, ni nake fara kallon kashi biyu ni kaɗai. Idan ya wuce, a talabijin na falo ake sa shi, ƙofa a buɗe, mahaifiyarsu na kai da kawo. Waya a ɗaki ba ta cikin tsarin. Nan ma nake samun damar magana idan labari ya taɓo aƙida, don za ki ga gumaka da wuraren bautarsu, da batun wai mutum ya mutu ya sake dawowa a wani jiki. Hukuncin irin wannan na malamanmu ne, a kai musu tambaya. Abin da ni nake yi a matsayin uba shi ne, wanda aka gina kacokan a kan wata allahiya mai raba sabuwar rayuwa ba na sa wa yara, wanda kuma abin ya gifta ne kawai sai in tsayar in ce wannan al'adarsu ce, ga abin da mu muka yi imani da shi. Ƙaramar takan yi tambayoyin da ke sa mu kai har lokacin barci muna magana.

Na kirki kuwa suna nan. Yaro mai shekara 11 da ke buga ƙwallo a layi zai so Ao Ashi na 2022, labarin yaron ƙauye da ya shiga makarantar horar da 'yan ƙwallo a Tokiyo, wanda tashar ilimi ta NHK ta haska. Akwai Haikyu na 2014, kan ƙwallon raga, inda gajeren yaro ke koyon cewa tsalle kaɗai ba ya cin wasa. Akwai Silver Spoon na 2013, kan makarantar koyon noma da kiwo a Hokkaido, marubuciyarsa Hiromu Arakawa ita kanta a gidan kiwon shanu ta tashi. Ɗan da kakanninsa ke noman albasa a fadama zai ga kansa a ciki, sai dai in gaya miki tun yanzu akwai kiwon alade a labarin, kada ki gani ki ce ban faɗa ba. A cikin sababbi kuma, na wasanni da waɗanda ake haskawa da safe ko da yamma a Japan su ne wurin fara nema.

TAMBAYA: Yaya, ni tela ce a Gawon Nama. Ƙannena sun dame ni da na faɗa da ihu. Babu wanda mace za ta kalla da dare bayan ta rufe shago, hankalinta ya kwanta?

AMSA: Ƙanwata, akwai, kuma su ne suka fi saurin nutsewa a ƙasan jeri. Ki nemi rukunin labaran rayuwar yau da kullum, da na sana'a, da na bincike. Ki gwada The Apothecary Diaries, wanda ya fara a Oktoban 2023: yarinya ce masaniyar magani da guba da ta tsinci kanta baiwa a fadar sarki, tana warware abin da ke kashe jarirai da abin da ke cikin kwalliyar matan fada. Idonki na tela zai more kayan da aka zana. Na manya ne, don yarinyar a unguwar mata masu zaman kansu ta girma kuma labarin bai ɓoye hakan ba, saboda haka ki kalla ke kaɗai. Idan ya yi miki, duk zubi ki duba ƙasan shafinsa inda ake jero masu kama da shi.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon cajin waya a Mabera. Rubutun fassarar yana yi mini sauri, kafin in karanta ya wuce. Kuma bin mako-mako ya fi, ko in jira a gama in kwashe gaba ɗaya?

AMSA: Maƙwabcina, ka jira. Manyan shirye-shirye akan ɗora musu muryar Turanci bayan 'yan makonni a Crunchyroll ko Netflix, ka ga kunnenka na ji, idonka na kan kwastoma da soket. Wanda ke da halin biyan kuɗin wata a waɗannan wurare ya biya, don ta nan ne wani abu ke komawa ga masu zanen. Jira kuma yana da riba irin ta wanda ya bari kasuwa ta ci kafin ya saya: zuwa ƙarshen Yuni an san wanda ya riƙe kyansa har ƙarshe da wanda ya sare a hanya. Labarin bincike da na asiri kaɗai nake cewa a bi mako-mako, don rabin daɗinsa yana cikin musun da ake yi tsakanin kashi da kashi, kuma bencin ƙofar shagonka ya dace da wannan musu.

Ni kujeruna biyu sun cika tun makon jiya. Ta baƙon ce har yanzu babu kowa a kai, akwai guda biyu da nake ba su mako na uku ranar Asabar idan an kawo wuta. Ɗalibinmu na Runjin Sambo, bayan jarrabawa ka rubuto ka gaya mini ukun da ka tsayar.